Fim mai 1080p yana ɗingishi yana tsayawa a Kodi, wane saiti zan taɓa?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. Akwatin Android gare ni mai ƙwaƙwalwar Amlogic S905X da RAM 2GB, na sa masa Kodi 21, na jona shi ta wayar HDMI da talabijin mai inci 43, 1080p. Wasu fina-finan suna kan faifan ajiya na waje da nake jonawa ta USB, wasu kuma suna kan kwamfuta a wani ɗaki, akwatin yana janyo su ta Wi-Fi.

Abu uku ke damuna. Na farko, kusan kowane fim, idan kyamara ta juya a hankali ko sunaye suna hawa a ƙarshe, hoton ba ya tafiya sumul, sai ka ga kamar yana ɗingishi, amma sauti lafiya lau. Na biyu, akwai wasu fayiloli, galibi zane-zanen Japan, ba su ma kai 2GB ba, amma hoto yana jan ƙafa, sauti ya wuce shi, can sai hoton ya yi tsalle ya kamo. Abin mamaki, fayil mai 15GB yana tafiya lafiya daga faifan guda. Na uku, manyan fayilolin da ke kan kwamfutar suna tsayawa cik duk bayan minti biyu ko uku.

An ce in shiga "Caching" in kai shi 512MB. Tun da na yi haka Kodi yake rufe kansa a tsakiyar fim. Kuma komai ya fi muni da rana. Ta ina zan fara?

Baban Waya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ciwo uku ka lissafo kuma kowanne da maganinsa. Wanda ya ce ka ƙara "Caching", wato rumbun jira inda Kodi ke tara ɗan gaban fim kafin ya nuna shi, ya nufi na uku ne kawai, shi ma ya zarce ƙima. Ka fara mayar da shi yadda ka same shi, wato 20MB, don mu san abin da muke aunawa.

Samo kibod na USB ka jona wa akwatin. Kunna fim, danna harafin O. Wani ƙaramin allo zai fito, layin farko yana nuna wanda ke kwance bidiyon, wato mai mayar da matsattsen fayil zuwa hoto. In ka ga suna ya fara da "amc" an rubuta HW a gefe, injin bidiyon da ke cikin ƙwaƙwalwar ne yake aikin, haka ake so. In ka ga "ff" da SW, to firosesa ce ke ɗaukar kayan a kanta, kuma a ƙasa za ka ga lodin kowace cibiya cikin cibiyoyi huɗu na firosesar. A allon nan kuma za ka ga adadin firam, wato hotuna ɗai-ɗai da ke haɗuwa su zama motsi, a sakan guda. Bayan haka danna Ctrl, Shift da O a tare, wani rubutun zai fito mai ɗauke da "drop" da "skip". Su ne ƙididdigar firam ɗin da aka zubar. Idan lambobin suna hawa, akwatin ne ya kasa. Idan a tsaye suke amma idonka yana ganin ɗingishi, akwatin ya yi aikinsa, rashin jituwa ce tsakanin fim da talabijin. Matsalarka ta farko ke nan, ita zan tsaya a kai.

Fim ɗin silima yawanci firam 23.976 ne ko 24 a sakan. Abin da aka ɗauka don talabijin a Najeriya, Nijar da Turai 25 ne ko 50, saboda tsarinmu ya biyo wutar lantarki mai 50Hz. Na talabijin ɗin Amurka 29.97 ne ko 59.94. Shi kuwa akwatin Android galibi yana zuwa a kafe kan 60Hz, yana sabunta allo sau 60 a sakan ko me ake kallo. Raba 60 da 24, biyu da rabi za ka samu, kuma ba a nuna rabin firam. Don haka sai a riƙe firam ɗaya sau uku, na biye sau biyu, uku, biyu, har fim ya ƙare. Firam ɗaya yana daɗewa a allo fiye da ɗan'uwansa da rabi, shi ne ɗingishin da kake gani lokacin da kyamara ke juyawa. Fim mai 25 a kan 60Hz ya ma fi wannan rashin tsari, tunda 2.4 ne rabon. Ba ƙarancin ƙarfi ba ne, ko kwamfuta mafi tsada ce haka za ta yi muddin allon yana kan 60.

Gyaran shi ne a sa talabijin ya bi fim. Shiga saitin Kodi, a ƙasa ta hagu ka mayar da matakin zuwa "Expert", in ba haka ba rabin abubuwan a ɓoye suke. Je "Player", sannan "Videos", ka sa "Adjust display refresh rate" a kan "On start / stop". Sai ka koma "System", "Display", ka buɗe "Whitelist". A jerin nan ka zaɓi 1920x1080 mai 23.98, 24, 50, 59.94 da 60. Kar ka zaɓi 25 da 30. Maimakon haka kunna "Allow double refresh rates", fim mai 25 zai hau kan 50, mai 29.97 ya hau kan 59.94, kowane firam sau biyu cif, kuma talabijin da yawa sun fi natsuwa da haka.

A lura, 23.976 da 24 ba ɗaya ba ne duk da kusancinsu. In fim na 23.976 ne allon kuma yana kan 24, za a maimaita firam ɗaya kusan duk bayan sakan 42. Mutum zai ga hoto lafiya, can ya ɗan tsuke sau ɗaya, ya ci gaba. Shi ya sa na ce ka zaɓi duka biyun.

Daga yanzu, da ka kunna fim allo zai yi baƙi na sakan ɗaya ko biyu yayin da talabijin ke sauya taki. Ba lalacewa ba ce. Don kar farkon fim ya wuce ka cikin duhun, akwai "Delay after change of refresh rate" a wuri guda, sa shi sakan biyu ko uku.

"Sync playback to display" kuwa ka bar shi a kashe. Aikinsa ya ɗan ja ko ya sassauta gudun fim da sautinsa don su dace da allo, kuma idan yana kunne Kodi ba ya tura ɗanyen sautin Dolby ko DTS zuwa amfilifaya. In talabijin ya riga ya bi fim, ba ka buƙatarsa.

Sai talabijin ɗin kansa. Yawancinsu suna da wani saiti da ke ƙirƙiro firam na ƙarya tsakanin na gaskiya: Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Kashe shi yayin gwaji, domin shi ma yana kawo tangal-tangal a gefen abin da ke gudu, sai ka ɗora wa akwati laifin da ba nasa ba.

Idan ka buɗe "Whitelist" ka tarar da layi ɗaya tak, to Android ɗin akwatin ne bai ba Kodi damar sauya takin ba. Ka faɗa mana in haka ne, akwai hanya.

Hajiya Mai Edita:

Malam Ɗan Fagge, matsalarka ta biyu kusan na tabbata H.264 mai bit 10 ce, wadda ake rubuta wa Hi10P. H.264 kodek ne, wato tsarin matse bidiyo, bit ɗin kuma zurfin launi yake nunawa. Girman fayil ba ya nuna wahalar kwance shi. MKV ko MP4 kwali ne kawai, abin da ke ciki shi ne magana. Sauke MediaInfo a kwamfutarka, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗaya daga cikin masu jan ƙafa. Duba layuka uku: "Format", "Format profile" da "Bit depth". In ka ga AVC, High 10, bit 10, an gano ɓarawon.

Injin bidiyon S905X yana kwance H.264 mai bit 8, yana kwance H.265, wato HEVC, har mai bit 10 da girman 4K, yana kwance VP9. Amma H.264 mai bit 10 ba ya cikin abin da aka gina shi a kai, kuma haka yawancin akwatunan talabijin suke. Masu matse zane-zanen Japan sun rungumi wannan tsari ne saboda yana rage layukan da ke fitowa inda launi ke sauyawa a hankali, kamar sararin sama, alhali tun asali masu kwamfuta suka nufa. Da Kodi ya ga injin ba zai karɓa ba, sai ya miƙa wa firosesa. Cibiyoyi huɗu na Cortex-A53 masu gudun kusan 1.5GHz sukan iya da 720p, amma 1080p mai bit 10 ya fi ƙarfinsu da zarar motsi ya yi yawa. Sauti ba shi da nauyi, shi ya sa yake wucewa, hoton kuma ya zubar da firam don ya kamo shi. Fayil ɗinka mai 15GB kuwa H.264 ne na gama-gari ko HEVC, injin yana shanye shi ba tare da firosesa ta ji ba.

AV1, wani kodek ɗin, shi ma haka zai yi maka. An fitar da shi a 2018, bayan an ƙera S905X, sai ƙwaƙwalwa irin S905X4 ce ke da injinsa. Fayilolin AV1 suna ƙara yawa saboda ƙanƙantarsu, don haka ka riƙa duba sunan fayil kafin ka ɓata data.

Kafin ka yanke hukunci, tabbatar injin a kunne yake. A "Player", "Videos", akwai layi biyu na "Allow hardware acceleration", ɗaya "MediaCodec (Surface)" ɗaya "MediaCodec" kawai. Duka biyun su kasance a kunne. Na farkon yana miƙa hoto kai tsaye zuwa allo ba tare da ya bi ta hannun Kodi ba, shi ya fi sauƙi a kan akwati kuma shi ake buƙata don 4K da HDR. Illarsa ita ce wasu gyare-gyaren hoto na Kodi ba sa aiki a kansa. In wani fayil ya fito kore ko baƙi alhali sauti na tafiya, kashe na farkon kawai ka gwada, kar ka kashe duka.

Babu saitin da zai koya wa injin abin da ba a gina masa ba. Ko dai ka nemo fayil ɗin a HEVC, ko ka sake matse shi a kwamfuta sau ɗaya ka huta. A HandBrake, manhajar matse bidiyo a kwamfuta, ga abin da zan ba ka shawara: kwali MKV, kodek "H.264 (x264)" wanda ba a rubuta bit 10 a gabansa ba, "Framerate" a kan "Same as source" tare da "Constant Framerate", inganci RF 20, "Encoder Preset" a kan medium ko slow, "Profile" High, "Level" 4.1. Ƙaramar lambar RF na nufin hoto mafi kyau da fayil mafi girma. Daga 18 zuwa 22 ya wadatar ga 1080p, ƙasa da 18 cika faifai ne kawai. Idan zane ne, sa "Tune" a kan animation.

Matakin 4.1 ɗin nan yana da muhimmanci. Shi ne iyakar da aka gina na'urorin Blu-ray a kai, yana taƙaita firam ɗin da ake waiwaya zuwa huɗu a girman 1080p. Wasu masu matsewa sukan sa takwas ko goma sha shida don rage girma, sai ƙaramin inji ya rasa wurin ajiye su, hoto ya riƙa farfashewa gida-gida. In bidiyon mai firam 50 ko 60 ne a 1080p, 4.2 za ka sa, 4.1 ba ta kai nan ba.

Wanda ya fi son ffmpeg, manhajar da ake ba umarni a rubuce, ga layin:

ffmpeg -i asali.mkv -map 0 -c:v libx264 -profile:v high -level 4.1 -pix_fmt yuv420p -crf 20 -preset slow -c:a copy -c:s copy sabo.mkv

Wurin da aka rubuta yuv420p shi ne ke sauko da shi zuwa bit 8, in aka manta da shi aikin bai yiwu ba. Sauti da fassarar ƙasan allo ana kwafe su yadda suke. Gwada da minti biyu tukuna ta hanyar ƙara -t 120 kafin sunan sabon fayil, kar ka bar kwamfuta ta kwana tana aiki sannan ka tarar da kuskure.

Wani abu kuma game da zane-zanen nan: fassararsu galibi nau'in ASS ce mai launi da motsi, kuma firosesa ce ke zana ta. Kashe fassarar na minti ɗaya ka ga ko "drop" ya ragu. In ya ragu, nemi ta SRT.

Mai Rauta:

Hajiya ta gama da na biyu. Na uku lissafi ne. Ninka girman fayil da takwas ka raba da tsawon fim a sakan. Fayil mai 30GB na awa biyu: megabit 240,000 a raba da sakan 7,200, kusan megabit 33 ke nan kowane sakan. Wannan matsakaici ne, a wurin faɗa ko ruwan sama yana iya haurawa sosai, tunda Blu-ray yana kai megabit 40 a hoto kaɗai. Wi-Fi mai 2.4GHz da ya ratsa bangon siminti biyu, ga rautocin maƙwabta suna hayaniya a tashoshi guda, da wuya ya riƙe wannan ba yankewa. Kuma in kwamfutar ma ta Wi-Fi take, bayanan sau biyu suke bin iska, daga kwamfuta zuwa rauta, daga rauta zuwa akwati, gudun ya kusa rabewa biyu.

Rumbun jira kamar tankin ruwa yake a gida. In famfo yana kawo isasshen ruwa amma yana ɗan ɗaukewa, tanki yana rufa asiri. In kuwa abin da ke shigowa bai kai abin da ake ɗiba ba, girman tanki jinkirta ƙarewa kawai zai yi. A ce fim na cin megabit 30, Wi-Fi na kawo 20. Giɓin 10 ne kowane sakan. Rumbu mai 128MB megabit 1,024 ne, cikin kusan sakan 100 ya ƙare ko da a cike ya fara. Ka ga inda minti biyu ko ukun naka suka fito.

Rufewar da Kodi ke yi kuma, daga RAM Kodi yake ɗibar wurin rumbun. 512MB kaya ne mai nauyi, akwatinka gaba ɗaya 2GB gare shi kuma Android ya riga ya cinye kaso mai yawa. Da wuri ya ƙure sai Android ya kashe Kodi. A akwati irin naka 64MB zuwa 128MB ya isa. A Kodi 21 wurin yana "Services", "Caching", ka zaɓi yanayin da ya haɗa da fayilolin cikin gida irin na SMB, wato waɗanda ake janyowa daga kwamfuta, ba na intanet kaɗai ba. Masu Kodi 20 da ƙasa, a fayil ɗin advancedsettings.xml suke rubuta shi.

Maganin gaskiya waya ce. Ja Cat5e ko Cat6 daga rauta zuwa akwati, har mita 100 tana kaiwa. Ramin wayar S905X na megabit 100 ne, a aikace kusan 94, ya isa kowane fim mai 1080p. In jan waya ba zai yiwu ba, aƙalla jona kwamfutar da rautar ta waya, akwatin kuma ya hau 5GHz in yana da shi. Gwaji mafi sauƙi: kwafi fayil ɗin da ke tsayawa zuwa faifan USB. In ya tafi lafiya daga can, ka daina zargin kodek.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri. Hajiya, gaskiyarki, MediaInfo ya nuna High 10, Kodi kuma ya nuna SW, cibiyoyin huɗu duk sun cika. Na matse minti biyu da layin da kika bayar, ya koma HW. Fayil mai tsayawa ma ya tafi daga USB. Saura wasu. Baban Waya, "Whitelist" ɗina layi ɗaya ne, 1080p mai 60. Sannan da rana har fayilolin da ke kan faifan sukan tsaya, wani lokaci faifan ya yi ƙas-ƙas ya ɓace daga jerin. Akwai kuma wasannin ƙwallo da aka naɗo daga risiba, masu ƙarewa da .ts, gefen 'yan wasa yana fitowa kamar haƙoran mashaci, wasu fina-finan kuma babu sauti sam ta hom tiyata da na jona da wayar haske.

Mai Gyara na Kasuwa:

Malam, ƙas-ƙas ɗin nan wuta ce ba ta isar faifan, ka daina jona shi haka kafin ka yi asarar abin da ke ciki. Ramin USB 2.0, wanda shi kaɗai S905X ke da shi, an tsara shi ne ya bayar da 500mA. Faifai mai inci 2.5 yana neman fiye da haka lokacin da zai fara juyawa. Adaftar akwatin 5V 2A ce, daga cikinta akwatin ke ci, Wi-Fi ke ci, faifan ke ci, kuma adaftocin araha da yawa ba sa bayar da abin da aka rubuta a jikinsu, balle in sun yi zafi ko wutar janareta tana hawa da sauka. Da wutar ta faɗi sai faifan ya tsaya ya sake tashi, ƙarar ke nan. Sayi mahaɗar USB mai adaftarta daban ka jona faifan a kanta, ka yi amfani da gajeriyar waya mai kauri. In za ka sauya adaftar akwatin, 5V ɗin dole ta zama daidai, amfiya ce kawai ake ƙarawa, 2.5A ko 3A. Kar a kuskura a soka ta 12V ta risiba don bakinsu ya yi kama, nan take akwatin zai ƙone. Gudun USB 2.0 kansa ba shi da laifi, yana kai megabayit 30 a sakan, ninkin abin da fim ke buƙata sau da yawa.

Batun rana kuma zafi ne. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu ana haura digiri 40 a inuwa, akwatunan nan kuma robobi ne a rufe ba fanka, ɗan ƙarfen sanyayawar cikinsu bai fi girman tambarin wasiƙa ba. Da ƙwaƙwalwa ta yi zafi sai ta rage gudunta don kare kanta. Fim ɗin da firosesa ke ɗauka shi ke fara shan wahala, shi ya sa ake ganin yana tafiya minti ashirin na farko sannan ya fara jan ƙafa. Sauke akwatin daga kan risiba ko amfilifaya, fitar da shi daga bayan talabijin inda iska mai zafi ke taruwa, ɗaga shi da ƙafafun roba don iska ta ratsa ƙasa, kar a lulluɓe shi da mayafin ado. Bayan hunturu a hure ƙurar da ta toshe ramukan. Ƙaramar fanka ta 5V tana taimakawa sosai, amma a ba ta wutarta daban, kar ta ƙara wa adaftar kaya.

Sautin da ke ɓacewa kuwa, wayar haske tana ɗaukar abu uku ne kacal: sitiriyo mai tasha biyu, Dolby Digital, da DTS na asali. TrueHD da DTS-HD ba sa bi ta cikinta, sai HDMI. A "System", "Audio", sa adadin tashoshi 2.0 ko da sifikunka shida ne, domin lambar nan ta sautin da Kodi ya kwance ce, ba ta ɗanyen da yake turawa ba. Kunna "Allow passthrough", ka yi wa Dolby Digital alama, DTS ma in hom tiyatar ta san shi, sauran duk ka bar su a kashe. Sannan kunna "Enable Dolby Digital (AC3) transcoding". Da wannan, duk sautin mai tashoshi da yawa da wayar ba za ta ɗauka ba Kodi zai mayar da shi Dolby Digital 5.1 kafin ya tura. Yi wa abin da na'urarka ba ta sani ba alama shi ke kawo shiru, ko wata ƙara mai tsaga kunne.

Baban Waya:

To, layi ɗaya na nufin Android ɗin akwatin ya kulle takin. Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce ka shiga saitin akwatin kansa, ba na Kodi ba, wajen girman allo, ka kashe zaɓin atomatik ka zaɓa da hannu: 1080p mai 24Hz don fina-finan silima, 1080p mai 50Hz don fina-finanmu na gida, shirye-shiryen tauraron ɗan adam da ƙwallo. In ba ka son yawan sauyawa, duba abin da ka fi kallo ka bar shi a nan. Ga mai kallon abin da aka ɗauka a 25, zama a kan 50 ya fi 60 nesa ba kusa ba. Wasu akwatunan suna da maɓallin sauya taki da kansu a ɓoye cikin ƙarin saiti, leƙa ko naka yana da shi.

Hanya ta biyu CoreELEC ce, ƙaramin tsarin Linux da aka yi don ƙwaƙwalwar Amlogic, ba ya komai sai kunna Kodi. Daga katin memori yake tashi, ba ya taɓa Android ɗinka, ka zare katin akwatin ya koma yadda yake. Nemi kati mai kyau na 8GB ko sama. A shafinsu ka zaɓi sigar da ta lissafo S905X, ka rubuta ta a kan katin da balenaEtcher ko Rufus. Buɗe katin a kwamfuta, shiga jakar device_trees, kwafi fayil ɗin da ya dace da akwatinka, ga S905X mai 2GB yawanci gxl_p212_2g ne, ka ajiye shi a farkon katin ka sauya masa suna zuwa dtb.img. Zare wutar akwatin, soka katin, sa tsinken sakace cikin ramin AV inda maɓallin ɓoye yake a yawancinsu, riƙe shi a danne ka mayar da wuta har tambarin CoreELEC ya fito. In allo ya tsaya baƙi, galibi dtb ɗin ne bai dace ba, wani lokaci ma RAM ɗin da aka rubuta a kwali ba ita ce a ciki ba, sai ka gwada na 1GB. Rimot ko Wi-Fi na iya ƙin aiki da farko, ka ajiye kibod da waya a kusa. A can "Whitelist" zai cika da duk takin da talabijin ɗinka ya sani, 23.976 ma yana ciki, kuma RAM ɗin da Android ke ci ta dawo maka.

Haƙoran mashacin kuwa daga 1080i suke. Tashoshin tauraron ɗan adam da yawa suna aiko rabin hoto ne sau 50 a sakan, layukan mara a wannan karon, na cika a na gaba. In aka haɗa rabi biyun da aka ɗauka a lokuta daban ba tare da gyara ba, duk abin da ke gudu sai gefensa ya tsattsage. Yayin da wasan ke tafiya buɗe saitin bidiyo daga allon sarrafawa, ka tabbatar "Deinterlace method" ba a kashe yake ba. In yana kan HW, injin Amlogic ne ke yin gyaran da kansa, kuma a CoreELEC yana yin sa da kyau. Allon ya kasance a 50Hz, domin ƙwallo tana buƙatar motsi hamsin ɗin nan duka.

In za ka matse wasannin a HandBrake don rage girma, a shafin "Filters" zaɓi Bwdif ko Yadif, ka sa "Preset" a kan Bob, firam 50, mataki 4.2. In ka bar shi a yadda ya zo zai ba ka firam 25, haƙoran za su tafi amma rabin motsin ya tafi da su, ƙwallo ta riƙa tsalle-tsalle idan an buga ta da nisa. Katin da za ka naɗa ko ka kwafa wasannin a kai kuma, ba na CoreELEC ba, ya zama exFAT ko NTFS, domin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya wuce 4GB, wasa ɗaya na 1080i kuma yakan wuce haka.